Shin Girkawa ne suka ƙirƙiro wasan kwaikwayo?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A aji an gaya mana cewa wasan kwaikwayo daga ƙasar Girka ya samo asali. Da gaske su ne suka ƙirƙiro shi? Yaya suke yin nasu, kuma me ya sa har yanzu ake ɗora mana karatun abin da aka rubuta kusan shekara 2500 da suka wuce?

Amsa: Barka kadai, ɗalibi. Tambayoyi uku ka zuba a ƙwarya ɗaya, kuma ta farkon ce mafi sauƙi: a'a, ba Girkawa ne suka ƙirƙiro kwaikwayo ba. Yaron da ya naɗa tsumma a ka ya ce shi sarki ne, sauran yara suka faɗi gaisuwa, bai taɓa jin sunan Girka ba. 'Yan tashen da ke bin gida-gida da watan azumi, wannan da gemun auduga wancan da tulun ciki, ba can suka ɗauko darasi ba. A Masar ma, a garin Abidos, an riƙa kwaikwayon mutuwar abin bautarsu Osiris da jana'izarsa a bainar jama'a fiye da shekara 1000 kafin a yi wasa na farko a Girka, Indiya kuma ta gina nata wasan da nata ƙa'idoji cikin harshen Sanskirit.

Abin da mutanen birni ɗaya, wato Atina, suka yi daban ne. Sun ɗauki kwaikwayo suka mayar da shi aikin hukuma: wasa rubutacce ɗauke da sunan marubucinsa, gasa kowace shekara, kuɗin da doka ta ɗora wa masu hali, alƙalai, da rijistar waɗanda suka ci. Daga baya wani kaso na rubutun ya tsira har ya shiga hannun Turawa, suka gina nasu wasan a kansa, manhajar jami'o'inmu kuwa daga wurinsu ta zo. Da malaminku ya ce wasan kwaikwayon Turai ne ya samo asali daga Girka, da ba ni da ja.

Shekarun da zan kawo duk kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne, sai inda na faɗi akasin haka, kuma da baya-da-baya lissafinsu ke tafiya: 472 ta riga 458.

Da farko ka cire hoton silima ko gidan kallo daga ranka. Mutumin Atina ba shi da inda zai je duk daren da ya ga dama ya sayi tikiti ya kalli wasa. A cikin birni lokaci biyu ake yin sa a shekara, duka a bukukuwan abin bautarsu Diyonisus, wanda suka jingina wa inabi da giya da fita hayyaci. Ƙaramin bikin, Lenaya, yana faɗowa cikin sanyi, wajen Janairu. Babban, Diyonisiya ta birni, wajen ƙarshen Maris ne, daidai lokacin da teku ke lafawa jirage su fara zirga-zirga, don haka birnin cike yake da baƙi. Bisa ruwayar da ta iso mana, wani mai suna Tespis ne ya fara cin gasar wajen 534, zamanin mulkin Pisistiratus, kuma shi aka ce ya fara fita daga cikin ayarin mawaƙa ya tsaya gefe a matsayin wani mutum daban yana musayar magana da su.

Bikin yana buɗewa da jerin gwano da yankan shanu da rabon nama. Sai gasar waƙa da rawa tsakanin ƙabilu goma da aka kasa 'yan birni a cikinsu, ƙabilun tsarin mulki ne, ba na jini ba. Kowace ƙabila tana kawo ayarin manya 50 da ayarin yara 50. Ka lissafa: mutum 1000 kowace shekara suna koyon waƙa da taku na makonni. Wannan lissafin yana da muhimmanci, domin yana nuna maka wane irin ɗan kallo ne ke zaune a wurin. Da yawansu sun taɓa tsayawa a filin nan da ƙafarsu, sun san inda mai rawa ya yi kuskuren taku, kuma ba sa jin kunyar yin ihu ko buga duga-dugansu a jikin benci in wasa bai yi musu ba.

Kafin a fara wasannin akwai wasu al'adu da ake yi a gaban jama'a, kuma ina ganin wanda bai san su ba ya rasa rabin ma'anar abin da ke biyo baya. Ana yanka ɗan alade don tsarkake wurin. Janar-janar goma na birnin su fito su zuba giya a ƙasa da sunan abin bautar. A shekarun da Atina ke juya ƙawayenta, ana shigo da azurfar harajin da biranen suka biya a baje ta a tsakiyar fili, jakadun waɗanda suka biya suna zaune suna kallo. Sannan a fito da samarin da iyayensu suka mutu a yaƙi, waɗanda gwamnati ta rena har suka balaga, kowanne sanye da sulken da birni ya ba shi, a ba su wurin zama na girmamawa. Birni ya gama nuna ƙarfinsa da dukiyarsa ke nan. Abin da zai biyo baya kuwa, kwana uku cur, labarin sarakuna ne da girman kai ya kayar, da gidajen da jini ya cinye, da matan da yaƙi ya mayar bayi. Mutanen da suka baje azurfar su ne suka biya kuɗin a nuna musu wannan. A wurina nan ne asirin wasan Atina yake, kuma kusan duk sauran tsarinsa daga nan ya tsiro.

Dubi yadda ake samo kuɗin. Marubucin da ke son shiga gasa yana kai buƙatarsa wurin babban jami'in birni na shekarar, wanda suke kira arkon. Shi ke zaɓen marubutan wasan ban tausayi uku, ya haɗa kowanne da wani attajiri, koregos, wanda dole ya ɗauki nauyin 'yan amshi: abincinsu lokacin atisaye, tufafinsu, mai koyar da su, mai busa. Haraji ne, sai dai haraji mai suna. In attajiri ya ce akwai wanda ya fi shi kuɗi da aka tsallake, doka ta ba shi dama ya ƙalubalance shi: ko ka karɓi aikin, ko mu yi musayar dukiya. Wani mai kare kansa a kotu, cikin jawabin da marubucin jawabai Lisiyas ya rubuta masa, ya yi tinƙahon cewa ya kashe dirakma 3000 kan ayarin wasan ban tausayi guda, a zamanin da ƙwararren ma'aikaci ke samun wajen dirakma ɗaya a yini. Masu neman suna a siyasa sun san darajar wannan kashe kuɗi. Perikilis, wanda daga baya ya zama jagoran Atina, yana saurayi, tun bai zama kowa ba, shi ya ɗauki nauyin wasan marubuci Eskilus a 472. Har yau in ka je unguwar Pilaka a Atina za ka ga ginin marmara da wani attajiri, Lisikiratis, ya kafa wajen 334 don ɗora tukunyar tagulla mai ƙafa uku da ayarinsa na waƙa ya ci.

Alƙalancin ma abin dubawa ne. Ana tara sunaye daga ƙabilun goma a zuba a tuluna a rufe da hatimi. Ranar gasa a zaro suna ɗaya daga kowane tulu, a samu alƙalai goma, talakawan gari ne ba masana ba. Kowa ya rubuta hukuncinsa a allo, kuma bisa fahimtar yawancin masana, ana zaro biyar daga cikin allunan ne da ka a ƙidaya. Mai son sayen alƙali sai ya sayi goma bai san wanda za a ƙidaya ba. Marubucin tarihi Pulutak ya ruwaito cewa a 468 'yan kallo sun rabu gida biyu har abin ya so ya zama rikici, sai arkon ya roƙi janar-janar goma, Kimon a gabansu, su zauna su yi alƙalancin. Saurayi Sofokilis, a fitowarsa ta farko, ya kayar da dattijo Eskilus. Ladan marubuci kambin ganye ne da suna. Kada kuma ka ɗauka alƙalan ba sa kuskure: wasan Sarki Odifus, na Sofokilis, wanda masanin falsafa Aristotil ya riƙe a matsayin abin misali, bai zo na ɗaya ba, wani Filokilis da ba mu da wasansa ko ɗaya a yau shi ya ci.

Wurin wasan yana jikin gangaren kudu na dutsen Akuropolis. A zamanin manyan marubutan nan benci-bencin katako ne a jikin tudu. Kujerun dutsen da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a kansu daga baya aka gina su, wajen 330, zamanin ɗan siyasa Likurgus. Mafi kyawun wurin wasa na dutse da ya rage shi ne na garin Efidaurus, mai layi 55, mai ɗaukar mutum wajen 14,000. A ƙasa akwai fili inda 'yan amshi ke rawa, a bayansa ɗakin katako mai ƙofa a tsakiya, wanda yau fada ne, gobe haikali, jibi kogo, kuma a ciki 'yan wasa ke canza shiga. Ba labule, ba fitila. Da sassafe ake farawa a ƙarƙashin rana, ɗan kallo yana ganin maƙwabcinsa kamar yadda yake ganin ɗan wasa. Kuɗin shiga obol 2 ne, sulusin dirakma, daga baya ma aka kafa asusun da ke biya wa talakawa. Ko mata suna shiga kallo, wannan masana suna ta ja-in-ja a kai har gobe. Abin da ba gardama shi ne ba mace ko ɗaya a cikin masu wasan.

'Yan wasa masu magana a wasan ban tausayi ba su wuce uku ba. Aristotil ya ce Eskilus ne ya ƙara na biyu, Sofokilis ya ƙara na uku, daga nan aka tsaya. Wasa mai mutum takwas ko tara, mutum ukun nan ne za su raba, abin da ya ba su damar haka kuwa fuskar aro ce da ke rufe kai duka har da gashi, wadda ake yi da ƙyallen lilin da aka sandarar ko makamancinsa. Ko ɗaya ba ta rage ba, sai hotunansu a jikin tukwane. Mutum ya shiga ɗaki yana sarki, ya fito yana tsohuwa. Wani lokaci rabon da kansa yana magana. A wasan marubuci Yuripidis mai suna Bakkai, sarki Pentiyus mahaifiyarsa ce ke yayyaga shi cikin hauka, sannan ta shigo riƙe da kansa tana murnar ta kashe zaki. Masana da yawa suna ganin ɗan wasan da ya yi ɗan shi ne ya dawo a matsayin uwar, kan da ke hannunsa kuma fuskar da ya cire ce ɗazu. Muryar wanda aka kashe ce ke fitowa daga bakin wadda ta kashe shi.

Da yake fuska ba ta motsi, kuma na layin ƙarshe ba zai ga ƙiftawar ido ba ko da tana yi, aikin duk ya koma kan murya da hannu da tsayuwa. Shi ya sa za ka ga mutum a cikin rubutun yana cewa ga ni ina kuka, ko ga wane can tafe ransa a ɓace. Ba rashin iya rubutu ba ne, kalma ce ke yin aikin da kyamara ke yi yau. An ruwaito cewa wani shahararren ɗan wasa, Polus, da zai fito a matsayin Elektira mai kuka a kan tulun tokar ɗan'uwanta, tulun tokar ɗansa da ya mutu ya ɗauko ya rungume.

'Yan amshi su ne abin da ya fi gundurar ɗalibai, kuma su ne zuciyar abin. Su 12 ne a wasan ban tausayi, daga baya 15, a wasan barkwanci 24, dukansu 'yan gari ne ba ƙwararru ba. Suna waƙa suna rawa, mai algaita mai bututu biyu, aulos, yana yi musu busa. In sun shigo fili galibi ba sa fita sai wasa ya ƙare. Dattawan gari ne, ko matan unguwa, ko bayi, ko matuƙan jirgi: mutanen da ba su da ikon hana abin da ke faruwa amma a kansu zai ƙare.

Bari in nuna maka yadda waɗannan kayan aiki ke haɗuwa a wuri ɗaya. A 458 Eskilus ya kawo Oresteya, wasanni uku masu labari ɗaya, kuma ita kaɗai ce irinta da ta rage cikakkiya. A na farko, sarki Agamemnon ya dawo daga yaƙin Turoyi bayan shekara 10. Kafin ya tafi ya yanka 'yarsa Ifijeniya don iska ta kaɗa wa jiragensa, matarsa Kilitemnestira kuma ba ta manta ba. Ya iso a keken doki, ta sa bayi su shimfiɗa jajayen yadudduka masu tsada daga keken har bakin ƙofa. Ya ce a'a, wannan girma na alloli ne. Ta lallaɓa shi har ya cire takalmi ya taka. Dubban mutane suna kallon jan layi da ya miƙe daga ƙafarsa zuwa cikin ƙofar nan, kowa ya san labarin, ba mai iya cewa kada ka shiga. Can sai aka ji kururuwarsa daga ciki, sau biyu. Ba a nuna kisa a fili a wasansu, ko dai a ji shi daga ɗaki ko manzo ya zo ya ba da labari. Dattawan nan goma sha biyu sai suka fara shawara, kowa ya faɗi baiti biyu: wannan ya ce a kira jama'a, wancan ya ce a fasa ƙofa yanzu, wani ya ce ai ba mu tabbatar ya mutu ba tukuna. Suna cikin wannan ka-ce-na-ce ƙofa ta buɗe, ga sarauniya tsaye a kan gawa biyu, ta mijinta da ta Kasandira, baiwar da ya zo da ita, tana bayanin yadda ta yi ba tare da ko ɗigon nadama ba. Don irin wannan fitowar suna da wani faffaɗan katako mai taya da ake turowa daga ɗaki a nuna abin da ya faru a ciki.

A wasa na biyu ɗanta Orestis ya kashe ta don ɗaukar fansar ubansa. A na uku aljanun fansa suka biyo shi har Atina, inda Atena, abar bautar birnin, ta kafa kotu ta zaunar da 'yan gari su yanke hukunci. Ƙuri'a ta yi kunnen doki, aka sallame shi. Kotun da aka nuna, ta dutsen Ariyopagus, tana nan 'yar tafiya kaɗan daga inda 'yan kallo ke zaune, kuma shekara uku ko huɗu kafin wasan aka rage mata iko a wani gyaran siyasa da jagoransa, Efiyaltis, ya rasa ransa a kai. Tatsuniya ce ta zamanin da, amma kowa a wurin ya san maganar jiya ake yi.

Dalilin fakewa da tatsuniya ma yana da tarihi. Bayan Farisawa sun rushe Militus, birnin Girkawa mai ƙawance da Atina, a 494, marubuci Firinikus ya yi wasa a kan abin. Marubucin tarihi Hirodotus ya ce jama'a suka fashe da kuka, aka ci shi tarar dirakma 1000 don ya tuna musu da masifar da ta shafe su, aka hana sake nuna wasan. Marubuta sun ɗauki darasi: in za ka taɓa gyambo, ka taɓa shi daga nesa. Eskilus ya gwada wata dabarar a wasan Farisawa na 472, mafi tsufan wasan da muke da shi. Shekara takwas kacal bayan yaƙin ruwa na Salamis, inda Girkawa suka farfasa jiragen sarki Zaksis, ya ɗauki labarin nasarar ya kai shi Susa, fadar abokan gaba. Ba a ambaci sunan Bagirke ko ɗaya ba. Uwar sarki ce ke jiran labari, manzo ya zo yana jero sunayen hakiman Farisa da ruwa ya ci, a ƙarshe sarki ya shigo cikin tsumma yana makoki. Wanda ya rubuta wannan ya yi yaƙi da Farisawa a Maraton a 490, ɗan'uwansa a can ya mutu, rubutun kabarinsa a Sisili kuma yaƙin ya ambata, bai ce uffan kan wasanninsa ba. Ko 'yan kallo tausayi suka ji ko daɗi, ina ganin duka biyun, kuma da gangan ya bar su a haka.

Yuripidis ya fi kowa matsa gyambon. A 431, shekarar da yaƙi da Siparta ya ɓarke, ya kawo Midiya, baƙuwar da mijinta ya yasar don ya auri 'yar sarki. A gaban taron maza, ta bakin namiji mai fuskar mace, ta ce gara ta tsaya a sahun yaƙi sau uku da ta haihu sau ɗaya. Ta kashe 'ya'yanta biyu don ta ƙona zuciyar ubansu, kuma ba a hukunta ta ba: wani ƙaton jigo na katako da suke ɗaga alloli da shi ya ɗaga ta sama cikin keken Rana, mijin yana ƙasa yana roƙon a bar shi ya taɓa gawar yaran. A gasar, Yuripidis na uku ya zo, wato na ƙarshe. A 415 kuma ya kawo Matan Turoyi, wanda ba komai a cikinsa sai matan birnin da aka ci suna jiran a raba su ga iyayengiji, har aka kawo wa tsohuwar sarauniya gawar jikanta a kan garkuwar ubansa. 'Yan watanni kafin nan Atina ta ci tsibirin Melos, ta kashe mazansa ta sayar da mata da yara. Wataƙila ya fara rubutun kafin aukuwar abin, amma waɗanda suka aikata suna cikin masu kallo. Sau huɗu kacal ya ci gasa a rayuwarsa cikin wasanni wajen 90. Duk da haka Pulutak ya ce bayan rundunar Atina ta hallaka a Sisili a 413, wasu fursunoni sun sami 'yanci saboda sun iya rera baitocinsa.

Wasan barkwanci, wanda ya shiga gasa a hukumance a 486, bai san fakewa ba. 'Yan wasa da cikin ƙarya da ɗuwawun ƙarya, batsa kuwa ba a magana, kuma ana kiran sunan mutum yana zaune a layin gaba. A tsakiyar wasa 'yan amshi kan juyo su fuskanci jama'a su yi magana da yawun marubuci. Marubucin barkwanci Aristofanis ya zagi manufofin birni a 426 a gaban baƙi, ɗan siyasa Kiliyon ya kai ƙararsa majalisa. Bai daddara ba. A 424, a wasan Mahaya, ya mayar da Kiliyon bawa maƙaryaci mai damfarar wani tsoho kurma mai suna Jama'a, har sai da wani mai tallan tsiren hanji ya fi shi iya ƙarya ya ƙwace matsayinsa. Wasan ya zo na ɗaya. 'Yan makonni bayan haka mutanen da suka yi dariyar suka zaɓi Kiliyon janar. Duk mai ganin zambo na kayar da ɗan siyasa ya riƙe wannan. Amma kada a ce ba ya cizo: a 423, cikin wasan Gizagizai, Aristofanis ya rataye masanin falsafa Sokiratis a kwando yana nazarin sama yana koya wa matasa yadda ake cin bashi a hana, kuma shekara 24 bayan haka, a shari'ar da ta kai shi ga shan guba, ɗalibinsa Aflatun ya nuna shi yana cewa tsohon ƙazafin da ke bin sa har da na mai wasan barkwanci a ciki. Aflatun ɗin ya so a kori masu irin wannan waƙa daga birnin da ya tsara a littafinsa, ɗalibinsa Aristotil kuma ya kare su, ya ce tausayi da tsoron da wasa ke tayarwa wanke zuciya suke yi.

Abin da ya iso mana kaɗan ne ƙwarai. Sofokilis ya rubuta wajen 120, muna da 7. Eskilus 7, ana ma shakkar ɗaya. Aristofanis 11. Yawancinsu waɗanda malaman makaranta na zamanin Rumawa suka zaɓa don koyarwa ne, aka yi ta kwafarsu da hannu a daular Bizantiya har aka buga su a birnin Benis na Italiya wajen 1500 Miladiyya. Yuripidis yana da 18 ko 19 saboda sa'a: wani yanki na tarin wasanninsa da aka jera bisa haruffa ya tsira, ya ba mu tara da ba wanda ya tace su, ciki har da masu ƙarewa da farin ciki, abin da ke nuna cewa ba kowane wasan ban tausayi ne ke ƙarewa da gawa ba. Menanda, gwanin barkwancin da ya zo bayan siyasa ta fita daga wasa aka koma labarin soyayya da bayi masu wayo, sai a 1958 Miladiyya aka buga cikakken wasansa na farko daga takardar gargajiya da yashin Masar ya adana. Kiɗan da rawar kuwa sun tafi, sai 'yan guntayen alamomin waƙa.

Ka ga ke nan abin da ke hannunka a aji kalmomi ne kawai na abin da aka yi shi da waƙa da rawa da rana da taro. Shi ya sa yake maka nauyi in ka karanta shi shiru kai kaɗai. Dalilin da ya sa ake ɗora muku shi kuwa, ban da gadon manhaja, shi ne tambayoyin ba su tsufa ba, kuma marubutan ba sa ba ka amsa a tafin hannu. Ka fara da Antigoni ta Sofokilis, gajeriya ce: sarki ya hana a binne wanda ya ɗauko wa garinsu yaƙi, 'yar'uwar mamacin ta ce dokar binne ɗan'uwa ta girmi dokar sarki. Ku samu ku uku ku raba mutanen wasan yadda 'yan Atina suka yi, sauran 'yan ajin su zama dattawan gari su karanta nasu baitocin tare da murya ɗaya, a tsakar gida ba a cikin aji ba. Ka sa wanda ya fi kowa iya magana ya ɗauki sarkin, domin hujjarsa ta tsaron gari tana da ƙarfi, in aka mayar da shi azzalumi tun daga farko wasan ya lalace.